Tsohon jirgin katako a hannun kafintan Jidda: zai sake tashi?

"Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni kafinta ne a Jidda, shekarata 11 a warsha ina yin ƙofofi da kabad da kujerun majalisa. Maigidana ya je kallon bikin jirage a filin Sumama kusa da Riyad, ya dawo da zancen tsofaffin jirage a bakinsa. Yanzu an yi masa tallan wani Tiger Moth da aka ce ya kusa shekara 30 a ajiye cikin sito a Turai. Yana so ya saya, mu gyara shi a nan, ya nuna shi a bikin. Ya ce ai katako ne, ni kuma kafinta ne. Baba, katakon da ya haura shekara 80 zai ɗauki mutum zuwa sama? Zan iya aikin? Kuma zafin ƙasar nan ba zai cinye shi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko tsohon itace yana da sauran ƙarfi, ko hannun da ya saba da ƙofa zai iya fiffike, da kuma ko iskar ƙasar nan za ta bar jirgin ya rayu bayan an gama. Maganar shekarun itacen ita ce ta fi ba ka tsoro, kuma ita ce mafi sauƙi a ciki. Abin da ya kamata ku ji tsoro shi ne gam, sai kuma tazarar da ke tsakanin iskar Jidda da ta Riyad.

Jirgin katako ba baƙo ba ne a hanyarmu. Jiragen da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925 guda uku ne samfurin DH.9A na sojan saman Ingila, kuma katako ne da yadi. Daga Masar suka taso, suka bi ta Khartoum, Ubayyid, Fashir, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano da jirgin DH.86 mai inji huɗu, shi ma na katako. Hanyar nan ita ce mahaifina ya biyo da ƙafa da jaki, yana fuskantar gabas, ya yi noman auduga a Jazira ta Sudan kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa daga tashar Suwakin. Ya sha ba mu labarin ranar da suka ga abu na ƙugi a saman Darfur suka watse cikin daji. To amma ka lura, jiragen can sababbi ne a lokacin, kuma duk inda suka kwana akwai masu bin jikinsu da hannu suna ɗaure waya. Ba wanda ya ƙera su da niyyar su kai shekara 80.

Sannan ka gyara wa maigidanka zance a hankali: Tiger Moth ba duka ne katako ba. Ya fara tashi a 1931, an ƙera sama da 8,000, akasarinsu don koyar da matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda. Injinsa Gipsy Major ne mai silinda huɗu a kife, ƙarfin doki 130. Rabon kafinta shi ne fikafikai huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da sashen jela, da rufin ablakash, wato filawud, da ke bayan kujeru. Sauran na mai walda ne, da makanikin inji, da mai ɗinkin yadi.

Itace na jure shekaru, gam ne ke mutuwa

Itacen da ya zauna a bushe ba ya gajiya irin yadda alminiyon ke yi idan an daɗe ana lanƙwasa shi. Ka tuna azarar tsofaffin soraye a birnin Kano, wadda ta ga kakanni kuma har yau tana ɗauke da rufi. A Old Warden ta Ingila, a tarin jiragen Shuttleworth, akwai Blériot na 1909 da har yanzu akan tayar da shi idan iska ta kwanta da yamma. Abin da ke kashe itace sananne ne: laimar jikin itace da ta haura kashi 20 cikin 100 wadda ke kiran ruɓewa, da gara, da ɓera wanda fitsarinsa ke jiƙa haƙarƙarin fiffike yana kuma cinye zaren ɗinki. Akwai na huɗu da ya fi su wayo. Idan bakin fiffike ya taɓa dukan ƙasa, jijiyoyin babbar azarar da ke cikinsa sukan murƙushe a ciki, su bar wani siririn layi a gicciye kamar silin gashi. Da rana tsaka ba ka ganinsa. Sai ka kashe fitila, ka kwantar da tocila a jikin itacen hasken na bin tsawonsa, sannan ya fito. Azarar da ke da wannan layi ta riga ta karye, faɗuwa ce kawai ba ta yi ba.

Gam kuwa labarinsa daban. Jiragen zamanin can da gam ɗin kasin aka haɗa su, wanda daga madara ake fitar da shi, ɗan'uwan cuku ne. Yana da ƙarfi matuƙar yana bushe. Da ya sha laima na wasu shekaru sai ƙwayoyin cuta su mayar da shi abinci. A watan Maris na 1931 wani Fokker mai ɗaukar fasinja ya rasa fiffike a sararin Kansas ta Amurka, mutum takwas suka mutu, ciki har da shahararren kocin ƙwallon Amurka Knute Rockne. Bincike ya nuna laima ta shiga fiffiken ta sassauta gam, kuma daga nan ne kamfanonin fasinja na Amurka suka fara juya wa katako baya. Mosquito, jirgin yaƙin Ingila mai inji biyu da aka ƙera guda 7,781 da ablakash da wani itace mara nauyi da ake kira balsa, shi ma ya gamu da karyewar fikafikai a Indiya a 1944. An yi ta gardama a kan ko gam ne ko kuma haɗin da ba a yi da kyau ba tun a masana'anta, ga kuma damina tana kumbura itacen. Gam ɗin da ya gaji kasin, irin su Aerolite, ya fi shi jure ruwa, amma zafi da laima na tsawon shekaru suna mayar da shi kamar gilashi mai rugurgujewa.

Fiffiken Tiger Moth na farko da na buɗe, a wata ƙaramar warsha a Ingila inda aka tura ni kwas kuma nake zuwa taya wani dattijo aiki ranakun hutu, yadinsa yana sheƙi kamar an fito da shi daga shago. Dattijon ya yanka ɗan rami, bai leƙa ba, sai ya ce in sa hanci. Warin rumbun da ruwa ya shiga na ji, gauraye da na nonon da ya kwana. Da muka yaye yadin, itacen na nan rawaya fes, har sai da na ce ai lafiyarsa ƙalau. Ya sa babban yatsa a ƙarƙashin ɗaya daga cikin 'yan faifan ablakash da ke riƙe haƙarƙari, ya ɗan ɗaga, sai ga shi a tafin hannunsa. Bayansa sumul, ko tsinken itace ɗaya bai biyo shi ba, sai wani gari mai ruwan toka. A cikin minti goma mun cika gwangwani da su. Gam mai rai ba ya sakin itace, sai dai itacen ya yage. Jirgin da ya shekara 30 a sito, ka ɗauka cewa haka za ka same shi har sai an nuna maka akasin haka. Duk hoton bayan jirgi da mai sayarwa zai turo kyan ɗan maciji ne.

Abin da kafinta zai ajiye a bakin ƙofa

Za ka iya? Ina ganin za ka iya, domin wanda ya shekara 11 yana fitar da haɗi mai kyau ya fi injiniyan ƙarfe irina saurin kama abin. Amma wasu ɗabi'un da suka sa ka zama mu'allim a warsha su ne za su cuce ka a nan.

Fara da itacen kansa. Katakon suwedi da zan da miranti da kake saye a Jidda ba su da gurbi a fiffike. Ma'aunin wannan sana'a shi ne sufurus na Sitka, mai fitowa a gaɓar tekun Fasifik daga Alaska zuwa arewacin Kalifoniya, saboda ƙarfinsa ya yi wa nauyinsa yawa. Ko shi ma ba kowane falle ba. Jijiyarsa kada ta karkace fiye da ɗaya cikin 15, wato a tsawon santimita 15 kada ta kauce fiye da santimita ɗaya. Zoben shekara kada su gaza shida a inci guda. Ƙulli a azara, a'a. Kuma kowane falle yana zuwa da takardar shaidar inda ya fito, wadda za ka adana kamar iƙama.

Idan za a sa wa azara sabon gutsure, ba a yin tsagi da harshe irin na ƙofa, ba a ɗaura sukuru. Feƙe bakunan biyu ake yi kamar alƙalamin kara, a kwantar da ɗaya kan ɗaya. Gangaren azara ɗaya cikin 15 ne: mai kaurin santimita biyu tana buƙatar feƙin santimita 30. Na ablakash ɗaya cikin 12. Fuskar da za ta sha gam da kaifin ƙarfe ake gyara ta, ba a sa mata sanfefa, domin sanfefa na kwantar da jijiya ta toshe ƙofofin itacen da ƙura. Kuma kada ta wuce awa takwas ba a shafa gam ba. Ma'ajun ɗin da kake rufe aibi da shi, da farin gam ɗin kabad, ka bar su a warshar maigida. A aikin kujera gwaninta ce ka ɓoye kuskure yadda mai saye ba zai gani ba. A nan duk kuskuren da ka yi kai ne za ka fara kiran mai duba aiki ka nuna masa.

Gam ɗin da aka fi yarda da shi a gyaran azara shi ne rizosinol, irin su Aerodux, mai barin jan layi mai duhu. Ruwa da zafi ba sa yi masa komai, amma ba ya cike giɓi, sai fuskokin sun haɗu tsaf an kuma matse su daidai. Littattafan Turawa suna ta gargaɗin kada a yi aiki da shi ƙasa da digiri 21. Mu matsalarmu ta ɗaya gefen ce. Na taɓa dama shi da azahar a watan Agusta a Jidda, mukayyif ɗin rumfar, wato na'urar sanyaya iska, ya lalace, ina gyaran fiffiken wani jirgi mara inji. Kafin in gama jera abin matsewa ya fara daskarewa a gwangwani. Haɗin ya fito da kyau a ido. Allah ya taimake ni ina da al'adar da dattijon nan ya ɗora ni a kai: duk damin gam, sai ka haɗa 'yan guntaye biyu da ragowarsa, ka rubuta kwanan wata, idan ya bushe ka sa a bais, wato ƙarfen matse aiki, ka doke shi da guduma. Nawa ya rabu a kan layin gam, fes. Aikin kwana huɗu na sa zarto na yanke. Tun ranar nan bayan sallar asuba nake dama gam. Ifoksi ya fi sauƙin aiki kuma yana cike giɓi, sai dai yana laushi idan ya yi zafi, kuma fiffike mai duhun fenti a kan kwaltar Riyad yakan kai inda hannu ba ya iya taɓa shi. Zaɓen gam ma ba naka ba ne, ba na maigida ba ne. Takardun jirgin da injiniya mai sa hannu ne ke faɗa.

Yadi zan taƙaita. A da, da auduga ko lilin ake rufewa, yanzu foliyesta ce irin su Ceconite, wadda ake ɗamewa da dutsen guga mai ma'auni, a fara daga wajen digiri 120 kada a wuce 177. Ana ɗinke ta a jikin kowane haƙarƙari da doguwar allura, ƙulli bayan ƙulli, sannan a shafa dof, wato fentin da ke toshe yadin jirgi, har da shafe mai garin alminiyon da ke kare ta daga rana. Idan ka ƙwanƙwasa ta yi amo kamar ganga. Wanda ya ɗame ta fiye da kima zai ga haƙarƙarin da ya sha wahalar yi sun lanƙwashe.

Tsakanin Jidda da Riyad

Kai ka san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, da hunturu kuma ta saki har ana hango tsakar gida. Itace kullum yana daidaita ruwan jikinsa da iskar da yake ciki. Inda laimar iska take kashi 65, yakan tsaya a wajen kashi 12. Inda ta kai 80, ya hau zuwa 16. Inda ta sauka zuwa 20, ya koma ƙasa da biyar. Ana son a haɗa fiffike itacen yana tsakanin takwas da 12. Jidda tana bakin Bahar Maliya, daren bazararta kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Riyad kuwa da rani laimarta kan sauka kusa da kashi 10. Fiffiken da aka gina a Jidda aka kai shi Sumama ya yi wata biyu zai tsuke. A tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi da kauri ne yake ramewa. Sai notunan da ke riƙe ƙarafa a jikin azara su saki, bakin azarar ya fara tsagewa daidai ramukan, ablakash ya ja gam. Farfela ta katako ita ce ta fi saurin nunawa: notunanta shida ko takwas da aka ɗaure daidai a bakin teku za ka same su sun yi sako-sako a Najadu, yankin Riyad, kuma farfela mai wasa a kan gindinta tana ƙona kanta. Dole a riƙa sake auna su duk lokacin da yanayi ya juya, a kuma ajiye ta a kwance don ruwan jikinta kada ya taru a reshe ɗaya.

Don haka shawarata, tun kafin a sayi falle ɗaya, maigida ya yanke inda jirgin zai zauna. Can za a kai itacen ya yi makonni yana shan iskar wurin, ana auna shi da na'urar laima. Rumfa mai sanyi da laima daidaitacciya dole ce. Warnish yana rage saurin shigar ruwa da fitarsa, ba ya hanawa. Idan Jidda aka zaɓa kuma, gishirin iska zai koma kan wayoyi da ƙarafa. Kada ka raina su don kai na katako ne. A watan Disamba na 2013 wani Tiger Moth ya naɗe fikafikai a sama a gaɓar Kwinslan ta Ostireliya, mutum biyu suka mutu, kuma ba itace ne ya ci amana ba. Sandunan ƙarfe biyu ne da ke ratsa gangar jiki suna riƙe fikafikan ƙasa suka tsage a wajen zarensu. Wa'adinsu awa 2,000 ne na tashi ko shekara 18, duk wanda ya riga zuwa. Naku sun wuce wa'adi suna kwance a sito.

Zafi yana taɓa tashin ma. Riyad tana kan tudu mai kimanin mita 600. Ranar da zafi ya kai digiri 45, iska kan yi sirara har inji da fiffike su ji kamar suna kan dutsen da ya haura mita 1,800. Doki 130 ba su da rarar da za su bayar. Ga shi Tiger Moth na asali ba shi da birki, ba shi da taya a jela sai ƙarfe mai jan ƙasa, da hannu ake murza farfelarsa, kuma don filin ciyawa aka yi shi inda matuƙi ke fuskantar iska duk inda ta fito. A kan kwalta sai an sa masa birki da tayar jela bisa gyaran da hukuma ta amince da shi. Sa'ar da aka yi, a lokacin sanyi ake bikin Sumama.

Takardu, da abin da zan yi da ni ne

Jirgin da ba shi da littafin tarihinsa da farantin lambarsa tarin kayan gyara ne. Hukumar sufurin sama ta ƙasar nan, GACA, ita za ta yi masa rajista ta ba shi izinin tashi, kuma kowane mataki sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu, musamman kafin a rufe yadi. Zanen asali da sanarwar gyare-gyaren Tiger Moth suna hannun kamfanin de Havilland Support da ke Duxford a Ingila. Ku je wa hukuma da maganar kafin kuɗi su fita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ka ji masu cewa idan an sauya itacen duka ai ba shi ne jirgin ba. Mosquito mai lamba KA114 ruɓaɓɓe aka ɗauko shi daga wata gona a Kanada. Glyn Powell na Niyu Zilan ya shafe shekaru yana sake ƙera manyan ƙirar da ake lanƙwasa gangar jikin a kansu, kamfanin Avspecs ya haɗa shi, ya tashi a filin Ardmore a watan Satumba na 2012 da sabon itace da tsofaffin ƙarafa. Ni ra'ayina ɗaya da na su Powell. Wanda ke son ainihin tsohon abu ya je gidan tarihin Saƙrul Jazira a Riyad ya ga DC-3 da ke tuna kyautar da Shugaba Roosevelt ya yi wa Sarki Abdul'aziz a 1945. Abin da zai ɗauki ɗan wani zuwa sama kuwa, duk itacen da ake kokwanto a kansa a cire shi. Kafin KA114, shekara 16 aka yi babu Mosquito mai tashi a duniya, domin na ƙarshen ya faɗi a bikin Barton kusa da Manchester a watan Yulin 1996 lokacin da inji ɗaya ya yanke ƙarfi ana tsakiyar juyi, mutum biyun da ke ciki suka rasu. Nunin jirgi a gaban jama'a sana'a ce ta daban, kuma matuƙin manyan jiragen fasinja ba lallai ya iya da mai tayar jela ba.

Da maigidanka ni ya tambaya, sai in ce idan biki yake so nan kusa ya sayi wanda ke tashi yanzu, mai takardu cikakku. Idan kuma wannan ɗin ya shiga ransa, to a kai fikafikan warshar da ta saba da Moth, ya biya maka kuɗin tafiya ka zauna da su wata uku ko shida kana aiki a ƙarƙashinsu, ka dawo kai ne mai kula da shi a nan. Gyara shi don a ajiye a kalla ba tare da ya tashi ba ma hanya ce, kuma wannan kai kaɗai za ka iya. Aikin tayar da shi kuwa na shekaru ne, kuma kusan kullum kuɗin gyara yana wuce abin da jirgin zai yi a kasuwa.

Ni ma'aikacin jikin jirgi ne, yawancin rayuwata a kan alminiyon na yi ta, katako kuwa fikafikan Moth biyu da 'yan jirage marasa inji ne suka bi ta hannuna. Gipsy Major sai ku nemi mai shi. Kuma ba zan yanke wa jirgin da ban shinshina ba hukunci. Ku ce mai sayarwa ya turo hoton kowane shafi na littattafan, da farantin lamba, da cikin fiffike ta ramukan dubawa, da ƙasan sito inda ya jingina su. Kai kuma kafin nan ka samo zanen haƙarƙari ɗaya, ka buga ƙirarsa a kan allo, ka yi guda uku da kowane itace mai laushi da ke warsha. Ka zo da su gidana ranar Juma'a bayan la'asar, ina da bais da guduma.